Faifan da Kihachi Ya Fasa

Tunda nake sayar da romo a wannan lungu na Hachinohe, sau ɗaya na taɓa jifan mutum da ludayi, kuma Kihachi mai hura wutar gidan wankan unguwa ne ya sha shi a kafaɗa.

La'asar ce sakaliya, ban ko kunna jar fitilar ƙofa ba, sai ga shi ya ɗage labulena ya tsaya yana murza hula. Shekara talatin mutumin nan yana wucewa ta bakin lungunmu da kai a karkace, sai ka ce an faɗa masa akwai mushe a ciki.

Ya ce, "Iya Tome, sannu da aiki."

Na ce, "Af! Yau ta ina rana ta fito? Ko wutarka ce ta mutu ka zo ɗiban garwashi?"

"Tambaya ce ta kawo ni. Faifan waƙar nan na matata Mitsuyo, ko kina da shi?"

Ludayin ya bar hannuna tun kafin in yi shawara da shi. Na ce, "Sai yau ka san tana da faifai? Nawa gobarar lungu ta cinye, da kujeru da tukwane da komai. Naka fa, wace gobara ce ta ci shi? Fice mini kar romona ya yi tsami!"

Ya duƙa ya ɗauki ludayin, ya goge shi da gefen rigarsa, ya ajiye mini a kan kanta da hannu biyu, ya rusuna ya fita. Kihachi ke nan. Ko ka jefe shi sai ya mayar maka da kayanka a goge, amma abin da ya sa a gaba, sai dai ka kauce masa.

Ɗan masunta ne da teku ta ƙi. Ko a bakin gaɓa aka ɗora shi kan kwalekwale sai ya amayar da abincin jiya. Ubansa ya gaji da jin kunya, ya kama hannunsa ya kai shi gidan wanka, aka ba shi tanderu da gatari da tarin katakon rusassun gidaje. Can ya girma, can ya komo bayan yaƙi, can gashin girarsa ya babbake bai sake fitowa ba. Ya san zafin ruwa da gwiwar hannu fiye da yadda likita ya san zazzaɓi.

Bangon da ya raba ɓangaren maza da na mata ba ya kaiwa rufi, saboda haka duk abin da aka faɗa a ɗaya, ɗayan ya ji, har bakin tanderu. Ta nan ya fara jin muryar Mitsuyo tana 'yar waƙa tana cuɗa baya. Wata uku yana jin murya bai ga mai ita ba. Ran da ya gan ta kuwa, sai ya tarar da 'yar guntuwar mace mai faɗin goshi, rungume da molo mai tsirkiya uku a cikin zane.

Mawaƙiyar lungu ce. Idan an kunna fitilu sai ta bi mashayu labule labule, ta leƙa ta ce ko akwai mai son waƙa, ta yi uku ta wuce gaba. Idan jiragen kamun kifi suka yi arewa, ita ma ta bi tashoshin da suke sauka, sai dusar ƙanƙara ta fara ta dawo. Duk wannan Kihachi ya sani ya aure ta. Amma namiji, ya sayi kanari don kukansa, ya kai gida ya fara neman zaren ɗaure masa baki.

Maza ne suka zuga shi, kamar kullum. Suna kwance cikin ruwan da ya dafa musu da guminsa, su ɗaga murya.

"Kihachi, ƙaro wuta mana! Ko uwargida ta kwashe ɗumin ta kai lungu?"

Ya haɗiye, ya haɗiye, har shekarar da wani mai yawon ɗaukar waƙoƙi ya ji Mitsuyo ya buga mata faifai, baƙi mai nauyi irin na da, 'yan kaɗan ba da yawa ba. Ta kawo ɗaya gida a naɗe cikin ƙyalle, ta aro garmaho wurin wanzami, ta dafa jar shinkafa irin ta ranar murna, ta zauna jiran miji su ji tare. A ranar ne kuma wani matuƙin jirgi ya ce masa a gaban mutane, "To, yanzu kowa sai ya kwana da muryar matarka a ɗakinsa, wana garmaho kawai zai yi."

Ya shigo gida ta miƙa masa faifan da hannu biyu. Ya karɓa, ya ɗora a gwiwa, ya ɓalle shi gida biyu kamar ƙaramin icce.

Ta share ɓaraguzan, ta zuba masa shinkafarsa. Bayan kwana biyu ta ɗaure sauran faya-fayan a bayanta ta bi jirage arewa kamar kowace shekara. Ta dawo hannu wofi da tari a ƙirji, kafin ƙanƙara ta narke an ƙona gawarta. Ya yi jinya, ban hana shi wannan ba. Ya dafa kunu, ya ɗumama mata ƙafa, ya kwana a zaune. Kalma ɗaya ce ta maƙale masa a wuya, yau zai faɗa, gobe zai faɗa, har mai jin ta tafi.

Tun daga ranar bai sake aure ba, bai taka lungu ba. Kullum da safe ya ajiye shinkafa da shayi gaban baƙin allon sunanta a akwatin kakanni, ya kunna turare, ya buɗe baki ya rufe. Ya yi mata sadakar shekara, da ta uku, da ta bakwai, da duk waɗanda suka biyo. Saura ta talatin da uku, wadda daga ita babu wata. A ranar malamin haikali yake zuwa ya ɗauke allon, mamaci ya ajiye sunansa ya shige cikin taron kakanni. Bayan nan ko ka kira Mitsuyo, babu takamaimiyar mai amsawa. Kihachi ya ƙirga ya ga saura shekara biyu. Ya ƙudurta cewa kafin a ɗauke allon nan sai ya zauna a gabansa sun ji faifan tare, kamar yadda ta shirya a daren jar shinkafa, sannan ya faɗi kalmar. Wannan ne ya kawo shi gaban ludayina.

Ran Litinin gidan wanka ba ya buɗewa. Ran Lahadi yana kashe wuta sai ya ɗunƙula shinkafa biyu da gishiri, da asuba yana cikin jirgin ƙasa na farko. Ya je Morioka, ya je Akita, ya je Sendai, ya je garuruwan da ni ko sunansu ban iya riƙewa ba. Duk inda ya sauka sai ya nemi shagon tsofaffin faya-fayai. Wani a ƙarƙashin gadar jirgi, wani a hawa na uku bayan matsattsen tsani, wani a bayan shagon gyaran laima. Ya shiga ya rusuna, ya durƙusa gaban akwatunan ƙasa inda ake jibge baƙaƙen faya-fayan da, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsunsa masu kaushi har ƙafarsa ta mutu.

Ba ya tambaya. Wai kunya, kar a ce, wacece ita a wurinka? Kuma ba ya iya fita shagon mutum hannu wofi bayan ya ɓata masa yini, don haka sai ya sayi ƙaramin gwangwanin allurar garmaho. Mutumin da ba shi da garmaho! Kafin shekara ta zagayo, aljihun teburinsa ya cika da allurai, ko tela ba shi da kamarsu.

Wata rana a Sendai ruwan sama ya kora shi wani gidan kofi da ya jiyo kiɗa a ciki. Ya tarar da mutane zaune sun fuskanci wasu manyan akwatunan sauti, ido a rufe, ba mai ko tari. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa, mai gidan ya ɗora yatsa a leɓe. Ya zauna ya cire hula, awa biyu yana jiran a fito da gawa, sai daga baya ya gane sauraro suke yi. Ya ce mini a nan ya fara sanin ashe ji ma aiki ne, a zaune ake yinsa.

Wanda ya cece shi wani Urabe ne, mai shago a Aomori bayan kasuwar kifi, siriri mai tabarau biyu, ɗaya a ido ɗaya a goshi. A zuwa na huɗu ya kasa daurewa.

"Baba, ka gama da akwatin nan tun watan jiya, bai haihu ba. Ko allurai kake soyawa a gida? Faɗa mini abin da kake nema."

Kihachi ya murza hula har ta kusa yagewa, sannan ya faɗi sunan, ya faɗi shekarar, ya ce mawaƙiyar lungu ce.

Urabe ya sauko da tabarau na biyu ya dube shi ta cikin duka biyun. Ya ce, "Kash! Shekara guda kana haƙa rijiya a kan dutse. Irin waɗannan ba su taɓa shiga shago ba. Mawaƙin lungu a mashaya yake barin faifansa, inda aka ba shi masauki ko aka tara masa masu ji. Mai wurin ta rataye a bango don sa'a. Idan ta tsufa ta bar wa wata shagon, da bango da abin da ke jikinsa ake bari, ko ƙusa ba a cirewa. In akwai wanda ya saura a duniya, yana bangon wata 'yar mashaya a bakin teku, hayaƙi ya rufe shi. Ka san mashayu?"

"Ban taɓa shiga ba."

"To, ga ranar farawa."

Abin da ya fi ƙi a duniya, wurin da ya fasa faifai a kansa, nan aka ce ya je ya ɗaga labule. Ya je kuwa. Litinin uku a jere ana koro shi, don ƙananan mashayun nan masu kujera shida ba sa karɓar baƙon da ba wanda ya kawo shi, balle tsoho mai babbakakkiyar gira da ke neman shayi yana ƙare wa bango kallo kamar mai shirin sata. A ta huɗu sai ga shi a ƙofata, ya tsaya nesa da inda ludayi ke kaiwa.

"Iya Tome, ba sa bari in zauna."

"Ni ma da ban bari ba. Kana shiga kamar ɗan sandan ciki, wa zai ba ka kujera?"

"Ki rubuta mini takarda in riƙa nunawa."

"Ka taɓa ganin alƙalami a hannuna? Ungo." Na ɗebo masa kwalayen ashanar shagona, masu hoton tukunya, na zuba masa a hula. "Ka ajiye ɗaya a kan kanta ka ce daga wurin Tome ta Hachinohe kake. Tsofaffi sun san ni, yara kuma za su ji kunyar cewa ba su sani ba. Abin taɓawar da aka ajiye maka ka cinye, ko ba ka so. Kuma in aka miƙo maka makirufo, kar ka kuskura ka ce a'a. Wanda ya ƙi waƙa a wurin mutane ya ce musu ya fi su ne."

"Ban iya waƙa ba."

"Ka iya fasa ta dai."

Ya sunkuyar da kai ya tafi da ashanarsa.

Waƙa ɗaya ya sani a duniya, ita ce wadda Mitsuyo ke yi ƙasa-ƙasa tana wanke shinkafa da safe, ta wata mai ɗinkin koma da ke jiran iska ta juyo da jiragen. Ita ce kuma a faifan. Ranar farko da aka miƙo masa makirufo, aka ce wace za a sa masa a injin waƙa, ya ce tasa ba ta cikin inji. Ya miƙe tsaye, hannu a gefe kamar soja, ya ja ta a hankali da wata murya irin ta ƙofar da ta shekara ba mai. Wani direban babbar mota ya ƙware da giya don dariya.

"Baba, wa ya mutu?"

Kihachi ya kai ƙarshen baiti tukuna, ya rusuna, ya ce, "Matata." Mai mashayar ta zuba masa shayi na biyu, ta ɗauko kujera da kanta ta taka, ta ɗaga tsofaffin kalandun bangonta ɗaya bayan ɗaya. Babu. Amma ta ba shi kwalin ashanarta, ta ce ya kai wa wata a garin gaba.

Haka ya riƙa bin bakin teku, ashana na miƙa shi ga ashana. Ya daina jiran a miƙo makirufo, shi ke roƙa, don ya gane waƙar ita ce tambayar da bakinsa ya kasa yi. Wani wuri a tafa masa, wani wuri a ce ya yi wa kifayen teku rai ya yi shiru. Yakan kwana a kan bencin tasha, ya kamo jirgin asuba, azahar ta same shi a bakin tanderu yana faskare. Mai gidan wanka ya ce masa zai kashe kansa. Ya ce sai bayan sadaka.

Ana saura kwana tara sadaka, ya ƙetare teku zuwa Hakodate. Magariba ta yi, ana kunna fitilu a wani lungu da ke gangarawa tashar jirage, ya ɗaga labulen wata Mama Sadae, ƙatuwar mace mai muryar maza da haƙorin zinariya. Ya ajiye ashana, ya cinye abin taɓawa, ya miƙe ya fara. Bai kai rabi ba ta ajiye kwalbar hannunta.

"Tsaya, tsoho. Ina ka samo wannan? Uwar ɗakina da ta bar mini shagon nan, wannan ce waƙar wanke-wankenta. Amma ba haka take ba, kai ka mayar da ita ta makoki."

Ta nuna sama da haɓa. Can kusa da rufi, tsakanin gunkin kyanwa mai ɗaga hannu da wani tsohon agogo, ga wani baƙin abu zagayayye rataye a ƙusa, maiƙo da hayaƙi sun yi masa riga. Kihachi ya taka kujera, ya shafa tsakiyar da babban yatsa. Sunan ya fito.

Ya sauko ya durƙusa a ƙasa, goshi a kan siminti, ya faɗa mata komai, har da gwiwar da ya fasa nasa a kai. Ya roƙi aro na kwana goma.

Mama Sadae ta ce, "Ko na kwana ɗaya. Ƙanƙara ta tsare matar nan kwana uku a garin nan, uwar ɗakina ta ba ta shimfiɗa, ita kuma ta bar wannan. Tun ranar shagon nan bai taɓa kwana ba baƙo ba. Tsohuwar tana gargarar mutuwa ta ce mini ranar da ya ƙetare bakin ƙofar nan, ranar zan rufe. Kuma wa zan ba? Wanda ya fasa na farko? Tashi, kana tare wa mutane hanya."

"Mama, kwana tara ya rage a ɗauke allonta."

"Ni na ce ka yi shekara talatin kana barci? In matarka tana son jin muryarta, ta zo nan ta ji."

Masu sha suka yi dariya. Kihachi bai yi ba. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce, "To. Ran Litinin."

Malamin haikali da ya ji, sai da carbinsa ya faɗi. Ya ce allon mamaci ba ya barin gida sai zuwa haikali, balle a kai shi gidan giya ana saura kwana biyu sadaka, me mutane za su ce? Kihachi ya ce, "Abin da mutane za su ce shi na saurara wancan karon, ga inda ya kai ni. Hanyar nan da ƙafarta ta bi ta tana da rai. Zan dawo da ita ran Talata, ran Laraba ka zo ka yi aikinka."

Urabe ya ba shi aron garmaho na hannu, mai kama da akwatin tafiya. Ya ce allura kam ba sai ya ba shi ba. Ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Abu ɗaya, Baba. Irin wannan faifan, ruwa zalla ake wanke shi da shi, mai ɗumi kaɗan. Giya ko ɗigo ta taɓa shi, narkewa zai yi, muryar ta tafi har abada."

Ni kuwa da labari ya iso ni, na kashe wutar romo na ɗaura ɗankwali. Kihachi ya ce tafiyar da nisa ga tsohuwa. Na ce, "Ba don kai zan je ba. Ƙawata zan raka, kar a bar ta da kai ita kaɗai a hanya." Ya ɗaure allon cikin farin ƙyalle ya rataya a ƙirji, garmaho a hannu. A jirgin ruwa ɗan masunta ya yi aman da ya saba, amma hannunsa ɗaya bai bar ƙirjinsa ba.

Mun isa da hantsi, Mama Sadae tana wanke daɓe, gashi a naɗe da tawul. Ta ɗago ta gan mu.

"Kai ne kuma? Na ce maka..."

Ya kwance ƙyallen, ya ajiye allon a kan kanta, ya juya shi ya fuskance ta. Ya ce, "Kin ce ta zo. Ga ta."

Matar nan ta yi tsaye da tsumma a hannu, baki a buɗe har ana ganin zinariyar. Can ta warware tawul ɗin kanta, ta gyara riga, ta rusuna wa allon har ƙasa ta ce, "Sannu da zuwa. An daɗe ba a gan ki ba." Ta juyo kansa. "Amma ba zai ƙetare ƙofa ba."

"Ba zai ƙetare ba."

Ita ta hau kujera ta sauko da shi. Ta ga dauɗar da ke jikinsa ta yi tsaki, ta jawo kwalbar farar giya ta tuttula a tsumma, don a mashaya da ita ake goge komai, daga kanta har madubi. Tsumman na dab da sauka Kihachi ya cafke wuyan hannunta. Mutumin da ko kyanwa ba ya kora da ƙarfi.

"Kai! Sake ni, tsohon banza!"

"Ki gafarce ni, Mama. Narkewa zai yi. Ki ba ni kwano da ruwan zafi da na sanyi, wanka aikina ne."

Ya surka ruwan, ya tsoma gwiwar hannu, ya ƙara na sanyi, ya sake tsomawa. Sannan ya ɗauki auduga ya bi zanen faifan zagaye zagaye, a hankali, kamar mai yi wa jariri wankan farko. Sau bakwai ana zubar da ruwa baƙi ƙirin. Mu biyu muna tsaye a kansa, ba wadda ta ce komai, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Da ya bushe, Mama Sadae ta kunna turare, ta zuba ɗan kofin giya gaban allon. Kihachi ya fito da sabuwar allura daga cikin tarin nan nasa, ya ɗaura, ya wana garmaho, ya ɗora, ya koma ya durƙusa kusa da allon, kafaɗa da kafaɗa. Aka yi ta jin ƙara kamar ana suya. Na ce a raina, shi ke nan, hayaƙi ya cinye ta.

Sai molo ya ɓarke, da sauri, kamar ana kora awaki. Sai muryar Mitsuyo ta cika shagon, da ƙarfi, da dariya a cikinta, tana yi wa iska tsiya, tana ce mata malalaciya, ta tashi ta juyo da jirage ko a aro wata iskar a maƙwabta. Ƙafata ta fara buga ƙasa ban sani ba. Mama Sadae tana tafi tana share hanci.

Kihachi ya juyo ya dube ni kamar wanda aka mara. Ya ce, "Iya Tome, haka take yi?"

"Haka take yi kullum. Duk lungu sai ya ɗauka."

"A gida a hankali take yi."

"Don kana barci da safe, sakarai. Kar ta tashe ka."

Minti uku ne duka duka. Allura ta kai tsakiya tana ta ƙarar banza, ba wanda ya ɗaga ta. Ya matsa baya ya fuskanci allon, ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya kai goshi. Ya ce, "Mitsuyo, na ji. Ta yi daɗi. Na yi miki laifi, ki yafe mini." Da ƙarfi ya faɗa, har mai kawo ƙanƙara da ke wucewa a lungu ya leƙo.

Mama Sadae ta mayar da faifan kan ƙusarsa da hannunta. Ran Talata muka dawo, ran Laraba malamin haikali ya zo ya yi karatunsa, ya naɗe allon ya tafi da shi. Kihachi ya raka shi har bakin titi, ya dawo ya buɗe tagogi.

Bai ƙara shekara a Hachinohe ba. Ya sami wani gidan wanka a Hakodate da mai wutarsu ya tsufa, lungu biyu daga shagon Mama Sadae. Urabe ya ce faifan ba zai jure yawan allura ba, don haka suka yanke sau ɗaya a shekara za a sauko da shi. Sauran ranaku, in ji Mama Sadae, sai dai tsohon ya yi da bakinsa, tunda masu sha sun fara tambayarsa.

Ranar da zai tafi ya biyo ta lungu, ta tsakiya, kai a miƙe, da 'yar jakarsa da gwangwanayen allurai suna ƙara a ciki. Ya zauna a kujerata ya ci ƙwai da awara a romo, karo na farko kuma na ƙarshe. Ya ajiye tsinken cin abinci ya ce, "Iya Tome, kina ganin ta yafe?"

Na ce, "Ni ba 'yar aikenta ba ce, ka tambaye ta in kun haɗu. Tashi kar jirgi ya bar ka. Amma ka ji ni da kyau: in labari ya iso ni cewa kana jan waƙar nan a hankali kamar mai rakiyar gawa, zan ƙetaro tekun nan da ƙafata, kuma wannan karon ba kafaɗa zan nufa ba."